Tarihin Elisha Otis, bakaniken da ya raba mutane da fargabar hawa bene

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa zuwa sarin kaya Dubai ko Guangzhou, ko ya sauka a ɗaya daga cikin manyan otal-otal na Legas, Duwala ko nan Njamena, da wuya a ce bai shiga na'urar nan ta hawa bene ba, wadda mutanen Nijeriya ke kira lifta, masu jin Faransanci kuma suke ce mata asansar. Akan shiga wani ɗan ɗaki, a danna lamba, ƙofa ta rufe, kafin ka ce kwabo an kai hawa na goma. Wanda ya lura da dokin ƙofar ko jikin maɓallan, sau da yawa zai ga an rubuta Otis. To wannan sunan mutum ne, wani bakanike ɗan ƙasar Amurka wanda ya karye a sana'a sau da dama, ya mutu da bashi a kansa a shekarar 1861, amma kamfanin da ya bari ya zama mafi girma a duniya wajen ƙera lifta da matattakala mai tafiya da kanta. Tarihinsa ne za mu kawo wa mai karatu a wannan fili, domin akwai abin lura a cikinsa ga duk mai saye da sayarwa.

Haihuwarsa da tashinsa

An haifi Elisha Graves Otis ne a ranar 3 ga watan Agusta na shekarar 1811, a wani ƙauye mai suna Halifax da ke jihar Vermont, a arewa maso gabashin Amurka. Mahaifinsa, Stephen Otis, manomi ne. Shi dai Elisha bai yi zurfi a karatun boko ba, kuma noma bai kwanta masa a rai ba, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa tun yana yaro shi ne ƙere-ƙere da gyaran kayan aiki. Yana ɗan kimanin shekara 19 ya bar gida ya nufi garin Troy da ke jihar Niyok, inda ya shafe shekara biyar yana aikin ƙarfi da dakon kaya a keken doki.

A shekarar 1834 ya auri Susan Houghton, wadda ta haifa masa 'ya'ya biyu maza, Charles a 1835 da Norton a 1840. Mai karatu ya riƙe sunayen yaran nan, don kuwa za su sake fitowa a gaba.

Faɗi-tashin neman abinci

Ciwon huhu mai tsanani ya kama shi a Troy, har aka fitar da rai, wannan ya sa ya tattara iyalinsa ya koma Vermont. A can ya gina injin niƙan hatsi a bakin wani kogi da ake kira Green River, ruwan kogin ne ke juya injin. Ciniki bai zo ba. Ya mayar da wurin na tsaga katako, nan ma shiru. Daga nan ya koma ƙera kekunan doki na dakon kaya da na ɗaukar mutane, sana'ar da ya ƙware a kai ƙwarai, wadda kuma ita ce ta sanar da shi sirrin sifirin ƙarfe da ake sa wa keke a ƙasa. Ana cikin haka, a 1842, matarsa ta rasu ta bar shi da ƙananan yara biyu.

Ya sake aure, sannan a 1845 ya koma birnin Albany, ya kama aiki a matsayin babban bakanike a wata masana'antar ƙera gadaje ta wani mai suna Otis Tingley. A nan ya ƙirƙiro injin da ke sassaƙa sandunan gado cikin sauri fiye da yadda hannu ke yi nesa ba kusa ba, har maigidan ya yi masa kyautar kuɗi. Da ɗan abin da ya tara ya buɗe nasa wurin ƙira, yana juya injinansa da ruwan wani rafi. Ba a daɗe ba hukumar birnin ta karkatar da rafin domin samar wa jama'a ruwan sha, injinan Otis suka tsaya cik, jarinsa ya narke. Duk wanda aka taɓa rufe wa iyaka kayansa na kan hanya, ya san irin wannan asara, wadda mutum bai yi laifin komai ba amma ta faɗo a kansa.

Ya doshi shekara 40 a duniya ba shi da komai sai basira da iyali. Ya koma aikin albashi a ƙarƙashin wani mai ƙera gadaje, Josiah Maize, da farko a jihar New Jersey, daga baya a 1852 aka tura shi garin Yonkers da ke bakin kogin Hudson, arewa da birnin Niyok, domin ya kula da kafa sabuwar masana'anta.

Yadda ya gano birkin lifta

A nan ya kamata a gyara wani kuskure da ya yaɗu. Otis bai ƙirƙiro na'urar ɗaga kaya ba. Tun zamanin Rumawa ana ɗaga kaya da igiya, kusan yadda ake jawo guga daga rijiya, kuma a zamaninsa masana'antu da ramukan haƙar ma'adinai na Ingila da Amurka suna da dandamalin katako da injin tururi ke ja sama. Matsalar dai ɗaya ce, idan igiya ta tsinke, dandamali da kaya da duk wanda ke kai sai ƙasa. Saboda haka leburori kan ƙi hawa, masu hankali kuma ba su yarda su ɗora ransu a kan igiya guda ba.

Aikin Yonkers ya buƙaci a kai manyan injina hawa na sama. Otis ya zauna ya yi tunani, sai ya koma ga abin da ya sani tun zamanin kekunan doki. Ya ɗauko sifirin ƙarfe, irin mai falle-falle ɗin nan da har gobe ake gani a ƙarƙashin gingimari da tirela, ya ɗaura shi a saman dandamalin, ya ƙulla igiyar a tsakiyarsa. A jikin ginshiƙai biyu da dandamalin ke bi, dama da hagu, ya kafa ƙarafa masu haƙora kamar na zarto. Muddin igiya na ɗauke da nauyi, tana tanƙwara sifirin, bakunansa biyu su janye daga haƙoran, dandamali ya wuce salin-alin. Da zarar igiya ta tsinke, sifirin ya miƙe, bakunansa su cije haƙoran, dandamali ya tsaya a inda yake. Wato tsinkewar igiyar ita ce da kanta ke taka birki, ba a jiran wani mutum ya farga.

Shi kansa bai ɗauki abin da muhimmanci ba a lokacin. Masana'antar gadajen ta durƙushe, har ya fara shirin bin ayarin masu zuwa haƙar zinariya a Kalifoniya. Sai ga saƙo daga wani mai ƙera kujeru da gadaje a birnin Niyok, Benjamin Newhouse, wanda na'urar ɗaga kayansa ta faɗo ta yi ɓarna, yana son guda biyu masu birki, kowace a kan dala 300. Wannan ciniki ne ya tsayar da shi. A ranar 20 ga Satumba, 1853, ya buɗe shagonsa a wani sashe na tsohuwar masana'antar ta Yonkers, kuma daga wannan rana ake ƙirga shekarun kamfanin Otis.

Gani ya kori ji

Bayan 'yan cinikin farko sai kasuwa ta yi tsit, aka yi watanni ba wanda ya leƙo. Kaya na da kyau, amma bayanin baki bai isa ya kawar da tsoron da ya daɗe a zukatan mutane ba.

A lokacin ana gudanar da wani babban bajekolin ƙere-ƙere na ƙasashen duniya a Niyok, a cikin wani katafaren gini na gilashi da ƙarfe mai suna Crystal Palace, wanda a 1854 shahararren mai shirya wasannin nan P. T. Barnum ya karɓi ragamarsa. Otis ya kafa na'urarsa a tsakiyar zauren, babu bango babu rufi, yadda kowa zai ga abin da ke faruwa. Ya hau dandamalin tare da kaya masu nauyi, aka ja shi sama can bisa kawunan 'yan kallo, sannan ya ba da umurni a sare igiyar. Aka sare. Dandamalin ya ɗan zame kaɗan, sifiri ya cije, ya tsaya daram. Otis ya sanar da jama'a cewa lafiya lau yake. Ya riƙa maimaita wannan gwaji a kwanakin bajekolin.

Masana tarihi sun nuna cewa jaridun wancan lokaci ba su ba abin wani babban fili ba, daga baya ne labarin ya yi suna. Amma masu masana'antu da manyan rumbunan ajiya sun gani, kuma su ne masu saye. Daga shekarar 1854 cinikinsa ya riƙa ninkawa kusan kowace shekara.

A ranar 23 ga Maris, 1857, ya kafa lifta ta farko mai birki domin ɗaukar mutane, a kantin E. V. Haughwout mai hawa biyar da ke kan titin Broadway a Niyok, inda ake sayar da tangaran da kayan gilashi da na azurfa. Injin tururi ne ke jan ta, tana tafiyar kimanin mita 12 a minti ɗaya. Masu zuwa kantin da yawa suka ƙi shiga, bayan shekara uku aka daina amfani da ita. Ginin kuwa yana nan tsaye har yau.

Rasuwarsa

Otis mutum ne mai kaifin ƙwaƙwalwa, amma ba ya zama a kan abu guda, kuma lissafin shige da ficen kuɗi bai dame shi ba. Ya ƙirƙiro birkin jirgin ƙasa, da garmar da tururi ke ja a 1857, da tandar gasa burodi mai juyawa a 1858, da ƙaramin injin tururi na musamman wanda ya ba lifta damar hawa da sauka ba tare da dogaro da babban injin masana'anta ba. Sai a ranar 15 ga Janairu, 1861, ya samu takardar gwamnati da ta tabbatar masa da mallakar fasahar na'urar tasa.

Bai cika wata uku da samun takardar ba cutar mashaƙo ta kama shi. Ya rasu a Yonkers ranar 8 ga Afrilu, 1861, yana da shekara 49, kwana huɗu kafin ɓarkewar yaƙin basasar Amurka. Da aka zauna lissafi, sai aka tarar bashin da ake bin sa ya zarce kuɗin kayan da ke shagon. Bai ga dogon bene ko ɗaya irin waɗanda aikinsa ya haifar ba.

Magada

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Charles da Norton sun tashi a cikin shagon, sun san aikin ciki da waje, kuma suna da abin da mahaifinsu ya rasa, wato tsayawa a kan sana'a ɗaya da riƙe littafin ciniki. Suka ɗauki bashin, suka ci gaba, daga baya suka sa wa kamfanin suna Otis Brothers. Charles ya fi karkata ga ƙira, Norton kuma ya riƙa yawo gari-gari yana neman masu saye. Ya zuwa 1873 liftocin Otis sama da 2,000 ne ke aiki a otal-otal da kantuna da ofisoshi. Norton ya zama magajin garin Yonkers, ya kuma je majalisar wakilan Amurka, ya rasu a 1905. Charles ya rasu a 1927.

Abin da lifta ta yi wa birane ba ƙarami ba ne. A da, gine-gine ba su cika wuce hawa biyar ko shida ba, kuma hawan sama shi ne mafi arahar haya, nan barori da talakawa ke kwana, don mai kuɗi ba zai yarda da wahalar matakala ba. Da lifta ta samu karɓuwa, aka kuma fara gini da ƙashin ƙarfe a Chicago a 1885, sai lissafin ya juye, hawan ƙoli ya zama mafi tsada, fili ɗaya ya riƙa ɗaukar shaguna da ofisoshin da a da sai unguwa guda.

A 1878 kamfanin ya fito da lifta mai aiki da ƙarfin ruwa. Ta lantarki kuwa, Bajamushen nan Werner von Siemens ne ya fara nuna ta a 1880, Otis ya kafa tasa ta farko a Niyok a 1889. A wannan shekarar ce aka buɗe hasumiyar Eiffel a birnin Faris. Faransawa sun so a ce kamfanoninsu kaɗai suka yi aikin, amma ƙafafun hasumiyar a karkace suke, dole aka ba Otis kwangilar biyu daga cikinsu. A 1898 aka haɗe Otis Brothers da wasu kamfanoni aka kafa Otis Elevator Company. Shi ya sa liftocin benen Empire State mai hawa 102 da aka buɗe a 1931, shi ne kuma ya kafa lifta 57 da matattakala mai tafiya 8 a Burj Khalifa na Dubai, wanda aka buɗe a 2010, mai tsawon mita 828. Masu saurin cikinsu na yin mita 10 a daƙiƙa ɗaya, wato ninki hamsin na waccan ta kantin Haughwout.

Matattakala mai tafiya

Ita matattakalar nan mai tafiya da kanta, wadda alhazai suka saba gani a filayen jiragen sama da Masallacin Harami, ba ta zo ba sai bayan rasuwar Elisha da shekara talatin. Jesse Reno ya yi rajistar irin tasa a 1892, Charles Seeberger kuma ya haɗa gwiwa da Otis suka nuna tasu a bajekolin Faris na 1900, ta ci lambar yabo. Kamfanin ya saye fasahar Seeberger a 1910, ta Reno a 1911. Sunan Escalator da duniya ta san ta da shi, asalinsa tambarin kasuwanci ne mallakar Otis. Amma a 1950 hukumar rajista ta Amurka ta ƙwace shi, bisa hujjar cewa jama'a, har da kamfanin kansa a tallace-tallacensa, sun mayar da shi sunan kowace irin matattakala mai tafiya. Kamar dai yadda a kasuwanninmu ake kiran kowane garin wanki Omo, kowane ɗanɗanon miya Maggi.

Inda ribar take

A 1976 kamfanin United Technologies ya saye Otis, ya riƙe shi har zuwa watan Afrilu na 2020, lokacin da ya sake zama mai cin gashin kansa da suna Otis Worldwide, hedikwatarsa a Farmington ta jihar Connecticut. A 2024 ya yi cinikin sama da dala biliyan 14, da ma'aikata kimanin 72,000, kuma ta ƙiyasinsa na'urorinsa na ɗaukar mutum fiye da biliyan 2 a kowace rana.

Abin da zai ba ɗan kasuwa mamaki shi ne inda kuɗin ke fitowa. Sayar da sabuwar lifta ribarsa kaɗan ce, don gasa ta yi yawa, musamman a ƙasar Sin inda Otis ya shiga haɗin gwiwa a birnin Tianjin tun 1984. Kimanin kashi 60 cikin 100 na cinikin kamfanin, da sama da kashi 90 na ribarsa, daga kulawa da gyara da sabunta tsofaffin na'urori suke zuwa. A 2024 yana da kwangilar kula da na'urori kimanin miliyan 2.4. Lifta takan yi shekara ashirin ko fiye tana aiki, kuma duk tsawon wannan lokaci mai gini na biyan kuɗin dubawa da kayan gyara.

Tarihin kamfanin bai rasa tabo ba. A 2007 Hukumar Tarayyar Turai ta ci tarar Otis da Schindler na Suwizalan da Kone na Finland da ThyssenKrupp na Jamus da wani reshen Mitsubishi jimillar Yuro miliyan 992, bayan ta same su da haɗa baki wajen raba kwangiloli da tsayar da farashi a ƙasashen Beljiyam, Jamus, Luksambag da Holan. Kason Otis ya kai kusan Yuro miliyan 225.

Abin lura

Liftar yau ta wuce ta Elisha nesa. Tana rataye ne da igiyoyin ƙarfe da yawa, tana da wani nauyi a gefe da ke daidaita ta, da na'urar da ke auna gudu ta kama birki idan ya wuce ƙa'ida. Amma tushen dabarar bai sauya ba. Birkin injinta sifiri ne ke matse shi, wutar lantarki ce ke buɗe shi, saboda haka idan aka ɗauke wuta, abin da mazauna Njamena da Kuseri da Maiduguri suka sani sarai, lifta tsayawa take yi, ba faɗowa ba. Wanda hakan ta rutsa da shi a ciki ya danna ƙararrawa ya jira masu gyara, kada ya ɓalle ƙofa ya ce zai fita, don a nan ne haɗarin yake.

Ga masu fataucin babura da janareta da injin ban ruwa da farantan sola, waɗanda ke ƙetare gadar Ngeli ko su bi ta Gamboru da Fotokol, rayuwar wannan bakanike na da darasi uku. Na farko, mai saye ya fi yarda da abin da ya ga an gwada a gabansa, musamman idan mai kayan ne ya fara sa kansa. Na biyu, basira ba ta hana karyewa idan babu lissafi, shi ya sa uban ya mutu da bashi, 'ya'yan da suka riƙe littafi suka kafa daula. Na uku, ciniki ba ya ƙarewa ranar da aka miƙa kaya aka karɓi kuɗi. Wanda ya tanadi kayan gyara, ya ajiye yaro mai gyara a bakin rumfarsa, shi mai saye zai komo wa baɗi da baɗin baɗaɗa, kuma a kan wannan hanya kamfanin Otis ya haura shekara 170 yana cin abinci.